Kwalabe Biyu Marasa Suna

Tun ranar da ta dawo aiki daga hutun haihuwar tagwaye sunanta ya ɓace a asibitin. Daga masu gadi har likitoci, Maman Biyu kowa ke ce mata. Shekararta tara a ɗakin gwajin jini, kuma an san ta da saurin hannu. Jijiyar da ta gagari kowa, ita ake kira. Takan ɗaure damtse da robar ɗauri, ta ɗan laluba da yatsa, kafin mutum ya gama runtse ido allura ta shiga ta fito.

Ita ma tana ji da wannan sauri, don da shi take riƙe da gida da aiki. 'Ya'yanta uku. Babbar shekararta goma, Yaya ake kiranta. Sai tagwayen, mace da namiji, masu shekara huɗu. Macen Rediyo ake ce mata, don daga buɗe ido ba ta rufe baki sai barci ya sace ta a tsakiyar magana. Namijin kuwa Malam Shiru, sai ya wuni bai ce uffan ba, amma duk abin da ya lalace a gidan da hannunsa a ciki. Mijinta kafinta ne, shagonsa na bayan makarantar yaran. Ga kuma mahaifiyarta mai fama da hawan jini, wadda ba ta haɗiye ƙwaya sai ta tambayi 'yarta ko farar ce ta safe ko mai ruwan ɗorawar.

Duk mutanen nan hanyarsu ɗaya ta samunta, wato wayar da ke aljihun farar rigarta ta aiki. Malamar yara ta kira, Mama ta kira, maƙwabciya ta kira ta ce hadari ya haɗo ga shanyarta a waje, mijin ya kira ya tambayi inda aka ajiye makullin ɗakin ajiya. Ta saba maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, baki na ba da amsa, hannu na aiki. Abokan aikinta har tsokanarta suke, wai wuyanta ya fara karkacewa gefe guda. Da yamma takan koma gida kanta kamar an daka, ga aiki a tebur da bai ƙare ba. Ita dai tana ganin haka rayuwar uwa take.

Ranar wata Talata layi ya yi tsawo tun da sassafe. Wajen ƙarfe tara aka turo wata tsohuwa a keken marasa lafiya, 'yarta na biye da ita riƙe da kati. Gobe za a yi mata aiki a ƙugu, likita na so a san rukunin jininta, a tanadi leda biyu ko za a bukaci ƙari. Maman Biyu ta gaishe ta, ta ɗebi jinin, ta zuba a 'yar kwalba. Ta ɗauki biro ke nan za ta rubuta suna, sai waya ta yi ƙara. Malamar tagwaye ce.

"Maman Biyu, don Allah kada ki tayar da hankalinki..."

Babu maganar da ke tayar da hankalin uwa kamar wannan. Ta dire kwalbar a mazauninta, biro ya faɗi ƙasa.

"Me ya faru? Wanne daga ciki?"

Layin ya yanke. Ta kira, ba ta shiga ba. Ta sake kira. Tana cikin haka 'yar tsohuwar ta tura keken suka fita, mai bi mata a layi ta zo ta zauna, wata matashiya mai ciki da jan mayafi. Da layin ya haɗu, ihun yara ya cika kunnenta, malama na ta kewaye-kewaye. Maman Biyu ta maƙale wayar a kafaɗa, ta ɗaure damtsen mai cikin, ta ɗebi jini, ta zuba a kwalba, ta dire. Sai a lokacin malamar ta iso ga maganar: Malam Shiru ne ya yi fitsari a wando, kuma babu na canji a jakarsa.

"Shi ke nan?" in ji ta, tana sauke numfashi. "Ki duba jakar 'yar'uwarsa, akwai gajeren wando a aljihun gefe."

Da ta kashe wayar, mai cikin ta riga ta tashi. A gabanta kwalabe biyu ne, iri ɗaya, masu murfi iri ɗaya, babu rubutu a jikin ko ɗaya. Doka ce a ɗakin, a bango ma rubuce take da jan fenti: kada mara lafiya ya tashi daga kujera sai an rubuta sunansa a kwalbarsa. Ta dube su. Kullum daga hagu take fara jerawa. Ta rubuta sunan tsohuwa a ta hagu, na mai ciki a ta dama, ta kira na gaba.

Sai wajen sha ɗaya da rabi ta koma teburin gwaji. Ta ɗiɗɗiga jinin a faranti, ta sa maganin gwaji, ta jujjuya. Kwalbar tsohuwa ta nuna rukunin B, ta mai ciki ta nuna O. Ta jawo takardar sakamako ta fara cikewa, sai hannunta ya tsaya cak.

Ta tuna lokacin da take waya, audugarta ta ƙare, ta miƙa hannu bayan mazaunin kwalabe ta ɗauko wata. Ta tuna ta ɗaga mazaunin. To da ta mayar da shi, yadda yake ta mayar, ko ta juya shi? Ta rufe ido ta nemi abin a ranta. Muryar malama ta ji, da ihun yara. Abin da hannunta ya yi kuwa, ko kaɗan ba ta iya tunawa.

Idan kwalaben sun sauya, to tsohuwar O ce, kuma gobe za a ɗaura mata jinin B. Maman Biyu ta san abin da ke biyo bayan haka. Ta karanta a makaranta, ta kuma taɓa gani da idonta sau ɗaya, ba ta fatan sake gani.

Wata nas ta leƙo ta taga. "Maman Biyu, sakamakon tsohuwar gado na shida fa? Likita na jira."

"Minti biyar."

Zuciyarta ta fara kawo mata shawara. Shekara tara kina jerawa daga hagu, yau ne za ki sauya? Ko kin ɗaga mazaunin, me zai sa ki juya shi? Sa hannu kawai. In kika buɗe baki, takardar gargaɗi ce za ta shiga fayil ɗinki, a yi ta yi da ke a asibitin nan har ki gaji. Ta ɗora bakin biro a wurin sa hannu. Sai fuskar tsohuwar ta faɗo mata, yadda ta ce mata "Allah Ya yi miki albarka, ko zafi ban ji ba." Ta ajiye biron, ta kwashi kwalaben da takardun, ta nufi ofishin shugabar ɗakin.

Shugabar dattijuwa ce da ta kusa ritaya. Anti Tabarau ake ce mata a bayan idonta, don ba ta taɓa kallon mutum ta cikin gilashinta sai ta samansa. Ta saurari bayanin har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"Wani sakamako ya fita daga ɗakin nan?"

"A'a, Anti."

"To zubar da waɗannan. Ina matan suke?"

"Tsohuwar tana kwance a ɗakin mata. Mai cikin daga gida ta zo."

"Fara da wadda za ta iya ɓace miki. Faɗa kuma yana nan yana jiranki, ba inda za shi."

Lambar da ke katin mai cikin a kashe take. Maman Biyu ta ruga ɗakin awon ciki, aka ce ta fita. Ta duba layin karɓar magani fuska bayan fuska, ba ta nan. A bakin ƙofar asibiti mai gadi ya ganta tana haki.

"Lafiya, Maman Biyu? Wa ya biyo ki?"

"Baba, wata mai ciki, da jan mayafi."

"Masu ciki ai sun fi talatin da suka wuce ni yau." Ya sosa gemu. "Amma mai jan mayafi, wadda ta tambaye ni inda ake shiga bas? Tsallaka titi ki duba rumfar can."

Tana can kuwa, zaune a benci, ta cire takalmi ɗaya tana ɓare ayaba. Da ta ga farar riga ta nufo ta da gudu, sai ta dafe ciki.

"Wayyo! An ga wani abu a jinina ne?"

"Babu komai a jininki, ƙanwata. Laifina ne. Ban rubuta sunanki a kwalba a kan lokaci ba, ina tsoron ta haɗu da ta wata. Ki yi haƙuri ki zo in sake ɗiba."

Matashiyar ta dube ta sama da ƙasa. "Ai na ga kina waya. Har na buɗe baki zan ce ba ki rubuta ba, sai na ce a raina ke ce ma'aikaciya, kin fi ni sani."

Maganar ta soke ta fiye da zagi. Ta sunkuyar da kai ta sake ba da haƙuri. Mai cikin ta tura sauran ayabar a baki, ta laluba takalminta da ƙafa. "Mu je. Bas ɗin ma da alama ba shi da niyyar zuwa yau."

Wannan karon sai da ta rubuta sunan, ta karanta mata shi da ƙarfi, ta nuna mata, sannan ta kwance robar. Daga nan ta ɗauki tire ta nufi ɗakin mata. Tsohuwar na ganinta ta kama haɓa.

"'Yar nan, ɗazu kin ɗiba, yanzu kin dawo. Miya za ku yi da shi ne?"

"Ki gafarce ni, Inna. Na ɗazun ne ban yarda da shi ba."

"Jinin nawa ne ba ki yarda da shi ba? Shekara saba'in ina yawo da shi bai taɓa ba ni kunya ba." Ta miƙa hannu tana dariya. "Ɗibi, amma ki bar min na gobe."

Anti Tabarau da kanta ta yi gwajin na biyu. Maman Biyu na tsaye a bayanta, ta harɗe hannuwa. Dattijuwar ba ta gaggawa. Ta goge farantin, ta ɗiga, ta gauraya, ta ɗaga shi saitin fitila tana karkatawa. Minti biyun nan sun yi wa Maman Biyu tsawon wuni.

"Tsohuwa B," in ji Anti. Ta jawo ɗayan. "Mai ciki O. Daidai kika rubuta tun farko."

Maman Biyu ta ja da baya. Ta zauna a kan kujerar da ke kusa, ta rufe fuska da tafin hannu. Ba ta san ko kuka take ko dariya ba, sai "Alhamdu lillahi" take ta maimaitawa. Sai a lokacin ta ji yunwa, ta tuna ko shayi ba ta sha ba tun safe.

Anti ta bar ta ta gama, ta aika wa likita sakamakon, sannan ta rufe ƙofa.

"Kin yi sa'a. Sa'a kuwa ba ta cikin kayan aikinmu. Za ki rubuta rahoto, zan sa hannu, zan kuma rubuta a ƙasa cewa ke kika kawo kanki. Yanzu ba ni wayar nan."

Ta miƙa mata. Anti ta sauke tabarau zuwa kan hanci tana bin jerin kiran da yatsa. "Sha tara. Kafin sha biyun rana, kira sha tara. Faɗa min, a cikinsu wanne ne in ba ki ɗauka ba a lokacin wani zai mutu?"

Maman Biyu ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Makulli. Ƙwayar Mama. Wando. Ƙanwar miji na tambayar lambar tela. Ta kasa nuna ko ɗaya.

"Amma Anti, in wani abu ya sami yaran fa? Ni ce uwarsu."

"Ubansu ya yi tafiya ne?"

"Yana nan."

"To. Daga gobe, takwas zuwa ɗaya, wayarki na cikin loka. Ga wayar tebur nan, ba wa mutum biyu lambarta, ki ce musu ta gobara ce. Ƙarfe ɗaya ki ɗauki abarki ki kira duk wanda kike so. Hannunki na da kyau, ƙanwata. Amma hannu ba ya aiki shi kaɗai, sai mai shi na wurin."

Da yamma ta tarar da mijinta a tsakar gida yana gyara ƙafar kujerar da Malam Shiru ya kwance wa ƙusa. Ta tura yaran ɗaki, ta zauna a bakin baranda ta ba shi labarin duka. Ya ajiye guduma.

"Duk a kan wando?" in ji shi. "Ni da ke bayan katangar makarantar? In an kaɗa ƙararrawarsu ina ji daga shago."

"To ai kai ba sa kiranka."

"Ta ina za su kira ni? Takardar shiga makaranta wa ya cike ta?"

"Ni."

"Gurbin lambar uwa, taki. Gurbin lambar uba fa?"

Ta tuna sarai. Tata ta rubuta a duka biyun.

"Kai da ka taɓa shirya su tsaf ka kai su makaranta ranar Asabar?" ta ce, don kada ta faɗi ƙasa ba ta ce komai ba.

"Sau ɗaya! Kuma sun ji daɗin yawon." Ya matso ya zauna kusa da ita. "Maman Yaya, ba wai ban iya ba ne. Kafin in ɗaga ƙafa kin riga kin yi, in na yi kuma ki warware ki sake. Sai na saba da tambayarki komai, har abin da ke gaban idona. Bar min makaranta. In na ɓata, na gyara."

Washegari da kansa ya je ya sa aka canza lambar. Mama ce ta fi ba da wuya. Da aka ce mata sai ƙarfe ɗaya, cewa ta yi, "To, na zama mara lafiyar layi ke nan, sai an kira lambata." Maman Biyu ta sayo 'yar roba mai gida-gida, ta zauna da Yaya ranar hutu suka jera ƙwayoyin sati guda, na safe daban na yamma daban, suka kai mata. Mama ta karɓa tana ƙunƙuni, ta yi kwana uku tana amsa gaisuwa a daƙile, daga baya ta huce. Hirar ƙarfe ɗayan ma ta fi yi mata daɗi, don yanzu 'yar tata zama take ta saurare ta, ba "to, to, Mama, sai anjima" ba.

Satin farko bai zo da sauƙi ba. Hannunta ya yi ta kaiwa aljihu yana dawowa wayam. Wani lokaci har ji take kamar cinyarta na rawa, alhali wayar na can cikin loka a kulle. Ranar Laraba ta sace jiki ta buɗe lokar da ƙarfe goma, ta juyo ta ga Anti na kallonta ta saman gilashi, ta mayar ba ta ko kunna ba. A gida kuma ta ga Malam Shiru ya dawo sanye da wandon Rediyo mai furanni, wai shi uban ya kai masa. Ta ciji leɓe ta haɗiye maganar. Yaron ko a jikinsa.

A sati na uku ta lura ƙarfe uku na yi teburinta ya koma fes, babu takardar da ta kwana. Ciwon kan yamma ya ragu. Tana isa gida da sauran rana, ta zauna ta duba aikin makarantar Yaya. A nan ta gano yarinyar ta daɗe tana fama da lissafin rabawa tana ɓoyewa, don kullum in ta kawo littafin sai ta ga uwar na waya.

Wata Alhamis, ƙarfe ɗaya ta buɗe loka ta tarar da saƙo uku daga mijinta. Na farko ƙarfe goma da kwata: Malam Shiru ya faɗo daga lilo, goshinsa ya fashe. Na biyu: suna ƙaramin asibitin unguwa. Na uku: an yi masa ɗinki biyu, an yi allura, yana shan alawa.

Nan take ta danna kira.

"Me ya sa ba ka kira wayar tebur ba?"

"Kin ce ta gobara ce. Wannan kuwa na ga zan iya kashe ta. Da likita ya ce abin ya fi haka, da tuni kin ji ni. Ga shi nan a shago yana tattara min ƙusa."

Kafin ta ce wani abu Rediyo ta fizge wayar. Ta ba da labari tun daga wanda ya fara hawa lilon, da yawan jinin, da yadda Baba ya zo da gudu da fensir a bayan kunne, da launin rigar nas ɗin, da cewa ita ma ya kamata a ba ta alawa tunda ita ta yi kukan. Da ƙyar aka karɓe aka ba mai ciwon.

"Yarona, da zafi?"

Shiru, sai ƙarar tsotsar alawa. Can ya ce, "Kaɗan."

Ta jingina da lokar. Wani ɓangare na zuciyarta ya ɗan ji haushi, a ce ɗanta ya zubar da jini ba ita ta riƙe shi ba. Amma haushin bai daɗe ba. An kai shi a kan lokaci, an ɗinke, uban na tare da shi, ita kuma mutum arba'in da ɗaya ta ɗebi jininsu a safiyar nan, kowace kwalba da sunan mai ita.

"Ka hana shi taɓa wurin," ta ce wa mijin. "Kuma kada ruwa ya shiga."

"An riga an faɗa min, ranki ya daɗe."

Ta yi dariya ta kashe. Ta leƙa ofis ta shaida wa Anti, Anti ta ce in ta gama abin da ke gabanta ta tafi. Ta zauna ta ci abincinta a nutse, ta kira Mama suka yi hirar maƙwabta, sannan ta wanke hannu ta koma tebur. Gwaji shida suka rage. Ta gama su kafin biyu da rabi, ta rataye farar rigar, ta fita neman bas ɗin da zai sauke ta kusa da shagon.